Tsagar Bangon Ɗakin Hajiya

Lokacin da ɗan yayana ya dawo daga karatun digirinsa na biyu, babu wanda ya iya faɗa mini takamaimai abin da ya karanto. Uwarsa ta ce injiniya ne. Ubansa, wato Yaya, ya ce da can dai injiniya ne, kafin ya tafi ya ɓata lokacinsa wajen koyon lallaɓa kangaye. Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, kuma shekarun da na yi ina koyarwa a makarantar 'yan mata ba su rage mini komai ba sai ma ƙari. Ranar da ya zo gaishe mu na tsare shi a baranda, na ce ko ruwa ba zai sha ba sai ya yi mini bayani.

Sunan mahaifinmu marigayi aka sa masa, saboda haka babu mai kama sunansa a gidan. Ni Injiniya nake ce masa. Hajiya mahaifiyarmu kuwa Angona take kiransa, irin wasan kaka da jika, kullum tana yi masa gorin bai taɓa kawo cefane ba.

Ya ce, "Gwaggo, digirin farko an koya mana yadda ake tayar da sabon gini. Na biyun kuma yadda ake hana tsohon ya faɗi."

Na ce, "Wannan ai birkila ma yana yi. Har sai an hau jirgi?"

Ya yi dariya, ya ce a can sai da suka koyi halin ƙasa da na dutse da na katako, yadda kowanne yake tsufa, da abin da yake so da wanda ba ya so. Ya ce akwai malamin da ya kai su wani tsohon gini ya hana su taɓa komai, ya ce su zauna su yi ta kallonsa har sai sun gane ta ina ruwa yake bi idan an yi sama. Ya ce kuma an koya musu su riƙa tunanin abin da rushewa take ci, domin duk gidan da aka rushe sai an ƙona siminti sabo, an narka ƙarfe sabo, sannan a gina wanda ba ya zaunuwa sai da esi da janareta. Na tambaye shi ko ana ba su jarrabawa a kan kallon bango. Ya ce ana yi, kuma ana faɗuwa. Abin ya ba ni mamaki, ya kuma burge ni, duk da ban nuna masa ba.

Gidanmu yana Nassarawa GRA, cikin tsofaffin gidajen da aka gina wa Turawa. Baba ya shige shi yana ma'aikacin gwamnati, daga baya ya zama nasa. Bangonsa na tubalin ƙasa ne, kauri gare shi har mutum yana iya zama a bakin taga ya miƙe ƙafa. Silin ɗin can sama yake, baranda ta zagaye gaba da gefe guda. A tsakiyar bazara, lokacin da maƙwabta suke ta fama da ƙarar inji, mu fanka ta ishe mu. Ni na dawo gidan bayan rasuwar maigidana, muke zaune da Hajiya mu biyu, sai mai dafa mana abinci da maigadi da wani dattijo ɗan Jigawa mai kula da shuke-shuke.

A layinmu gidaje irinsa sun kusa ƙarewa. Da maigida ya rasu sai ka ga magada sun kawo katafila, kafin wata damina an tayar da otal ko jerin ofisoshi. Yaya ya daɗe da wannan ra'ayi, kuma ba zan ce mugunta ce ba, don shi yake ɗauke da hidimar gidan. Abin da ya hana shi magana shi ne Hajiya. Sai ga tsaga ta ɓullo a bangon ɗakinta, daga kusurwar ƙasa ta hau a karkace har ta kai bakin taga. An cike ta da siminti ta sake buɗewa, aka kuma cikewa ta kuma buɗewa. Yaya ya kawo ɗan kwangila ya duba, ya ce harsashin ya tafi, gidan ya gama kwanakinsa. Daga nan Yaya ya sami bakin magana. Ya ce ba zai zuba ido gini ya faɗo wa mahaifiyarsa ba, kafin damina za ta koma gidansa, ya riga ya gyara mata ɗaki.

Hajiya ba ta yi masa musu ba, ba halinta ba ne. Ni ta gaya wa, ina shafa mata man zafi a gwiwa. Ta ce a ɗakin nan aka yi wa Alhaji, wato Baba, wankan gawa, kuma ita ma ta so a ce daga nan za a ɗauke ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in aka fitar da ita ba za ta daɗe ba.

Saboda haka da Injiniya ya gama bayaninsa na kama hannunsa na kai shi gaban tsagar, na ce ga jarrabawa nan, a nuna mana abin da aka karanto. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Sannan ya je ya sami ubansa ya roƙi a ba shi lokaci kafin a yanke hukunci. Yaya ya ce ya ba shi zuwa saukar ruwan farko, ko ba komai a ga amfanin karatun.

Ya riƙa zuwa da hantsi kafin ya wuce wurin aikinsa, ni kuwa ina biye da shi kamar jela. Ranar farko ya ɗauko sukundireba ya juya ƙotarta, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Ya ce in saurara. A sama ƙarar a cike take, da ya sauko ƙasa sai ta koma irin ta ƙwaryar da babu komai a ciki. Ya ce fulastar simintin ta rabu da ƙasar da ke bayanta. Na ce yaushe aka yi wa gidan siminti ma? Sai na tuna da kaina, bayan rasuwar Baba ne, lokacin da Yaya ya yi wa gidan gyara na gani na faɗa, aka shafe bango da siminti da fenti mai sheƙi, aka shimfiɗa tayil a zagayen gidan. Duk mun yi ta sa masa albarka a lokacin.

Injiniya ya ce bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, haka yake rayuwa. In ka rufe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta ƙasa ba shi da hanyar fita.

Na ce, "Wato numfashi yake yi?"

Ya ce, "Kusan haka, Gwaggo."

Na ce to lallai mun daɗe da toshe masa hanci.

Wata rana ya zo da 'yar na'ura mai ƙusoshi biyu a baki, ya fasa fulastar kaɗan ya soka. Ya ba ni na riƙe, na bi ɗakunan da ita ina sokawa ina karanta masa, ina jin kaina wata babbar ma'aikaciya. Ko'ina a bushe yake sai kusurwar ɗakin Hajiya. Ya zura hannu ya ɗebo ƙasar, ga ta nan a jiƙe tana dunƙulewa, alhali rabonmu da ruwan sama tun watanni. Ya kuma manna wani siririn gilashi a kan tsagar, gefe da gefe, ya ce in bangon yana motsi gilashin zai fashe. Hajiya tana zaune a bakin gado tana kallonsa, ta ce, "Angona, sauran angwaye madubi suke kawo wa amare, kai kuma ɓallin gilashi ka liƙa mini a bango."

To daga ina ruwan yake zuwa? Wannan tambaya ta hana ni sakat. Aka kira mai gyaran famfo ya bi bututu ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya bi ta wannan kusurwa. Aka duba ramin sokawe da ruwan ƙazanta yake taruwa, yana can bayan kicin, nesa. Injiniya ya hau rufi ya duba kwano, lafiya ƙalau. Na tsare dattijon mai shuke-shuke ko yana ban ruwa a wurin, ya ce shi tunda aka sa tayil babu abin da ya shuka a gefen nan. Na fara kawo nawa ilimin. Na ce ko tsohuwar rijiya ce Turawa suka binne? Ko idon ruwa ne a ƙarƙashin gidan? Mai dafa mana abinci, 'yar Kaura Goje, ta ce a unguwarsu an taɓa yin gidan da bangonsa yake gumi, sai da aka yi sauka. Injiniya yana jin kowa, ba ya raina maganar kowa, amma na lura fara'arsa tana raguwa.

Ana nan sai gilashin ya fashe. Ni na fara gani da na shiga kai wa Hajiya kunu. Na so in ɓoye, amma Injiniya ya ce ba a ɓoye irin wannan, ya kira ubansa da kansa ya gaya masa. Yaya ya zo ya tsaya a kan tsagar, bai yi faɗa ba, ya dai ce a fara haɗa kayan Hajiya a hankali. Ga zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Hajiya ta rage cin abinci. Ta daina tsokanar angon nata, in ya gaishe ta sai ta amsa kawai.

Wata Asabar da ba shi da aiki na hana shi tafiya, na ce sai ya ci ɗanwake. Muka ci, muka yi ta hira har aka kira La'asar.

A nan sai na yi bayanin wani abu. Tun Baba yana da rai ya ware wani gefe a jikin katanga, kusa da get, ya yi masa daɓe da rumfa, ya fasa 'yar ƙofa ta waje, don masu gadi da direbobi da masu girkin layin su sami wurin jam'i. Unguwarmu ba kamar cikin gari ba ce da masallaci yake kowane lungu. Ya ajiye durom na ruwa da butoci a bakin get, ya ce kada a taɓa barinsa ya ƙafe. Shi kuma Baba a wani dogon dakali yake alwala, a jikin bangon ɗakinsa ta waje, wato ɗakin da Hajiya take ciki yanzu, inda inuwa take faɗawa. Da mutane suka ga nan maigida yake zama, sai kowa ya cika butarsa ya tako ya zauna a gefensa. Bayan rasuwarsa Hajiya ta riƙe abin da hannu biyu. Ta ce ruwan nan sadaka ce mai gudana ga Alhaji, duk wanda ya wanke fuskarsa a dakalin nan ladan yana isa gare shi. Da ofisoshi suka yawaita a layin masu salla suka ƙaru, har da leburorin da ke zuwa daga Kawaji aikin gine-ginen maƙwabta. Ita kanta, da maza sun tayar da salla, sai ta fito ta ƙofar baya da butarta ta zauna daidai inda yake zama. Ba ta taɓa alwala a banɗaki ba sai in ba ta da lafiya.

Ranar nan ina tsaye a ƙofar baya, riƙe da butar Hajiya, ina jiran maza su watse. Injiniya ya makara, shi ne na ƙarshe a dakalin. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Da ya zo ƙafa sai na ga ya tsaya cak, buta a karkace a hannunsa, yana kallon ƙasa. Na ce ko kunama ce? Ya ƙara tsiyaya ruwan a hankali, ya bi shi da ido. Na matso na leƙa. Ruwan bai yi gaba wajen tsakar gida ba. Baya ya yi, ya bi ta ƙarƙashin dakalin, ya tarar da wani siririn rami tsakanin bakin tayil da bango, ya shige kamar an kira shi.

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Gwaggo, mutum nawa ne suke alwala a nan a rana?"

Sai a lokacin na gane. Ni da nake ta zancen rijiyar Turawa, kullum sai na tsallake wannan ruwa da ƙafata. Shi ma tun yana yaro yake alwala a wurin in sun zo hutu. Da hantsin da yake zuwa kuwa rana ta riga ta busar da tayil ɗin, butoci sun koma bakin get, babu ko alama.

Sai da ya idar da salla muka zauna a dakalin muna haɗa zancen. Ya tambaye ni yadda wurin yake a zamanin Baba. Na ce ƙasa ce zalla, da wata bishiyar lemun tsami a gaban dakalin, wadda ba a taɓa yi mata ban ruwa ba amma ta fi kowace bishiya a gidan 'ya'ya. Ya ce to ita take shanye ruwan, sauran kuma rana ta ɗauke. Da aka sare ta aka sa tayil, masu aikin suka karkatar da shi wajen bango ba su sani ba, siminti kuma ya kulle danshin a ciki. Ya ce harsashin bai tafi ba, kusurwa guda ce ta jiƙe ta zauna. In aka ɓamɓare simintin, aka tallafe wurin, aka maye tubalan da suka narke da irinsu, aka yi yaɓen ƙasa da farar ƙasa, bangon zai bushe ya tsaya. Amma da sharaɗi, kada ruwa ya sake zuba a gindinsa.

Na yi murna har na kusa guɗa. Sai kuma na tuna wadda za a gaya wa.

Da Yaya abin ya zo da sauƙin da ban zata ba. Injiniya bai ce masa gyaranka ne ya jawo ba. Ya dai kai shi wurin, ya miƙa masa buta ya ce, "Abba, zuba ka gani." Yaya ya zuba, ya kalli inda ruwan ya bi, ya kalli inda lemun tsamin yake a da. Shi ma ai ba yaro ba ne. Sai ya tambayi ɗansa ko ya tabbata ɗakin ba zai faɗo wa Hajiya ba. Injiniya ya ce ya tabbata, in an bi abin da ya faɗa. Yaya ya ce to a yi, amma shi ba zai iya gaya mata ba.

Mu biyu muka shiga. Injiniya ya zauna a ƙasa a gabanta ya yi mata bayani a hankali, ya fara da albishir cewa ba za ta tashi ba. Fuskarta ta washe, ta ce Alhamdu lillahi. Sannan ya faɗi sauran. Ya ce za a gina wa masu salla wurin alwala mai kyau a bakin get, da magudana, a dasa bishiyoyi su sha ruwan, sadakar ba za ta yanke ba. Dakalin ne dai dole a cire shi.

Hajiya ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Wato ruwan da nake aika masa ne yake cin ɗakinsa."

Injiniya ya ce, "Ba laifin ruwan ba ne, Hajiya, hanya ce aka toshe masa."

Ta ce, "Na ji. Ni kuma a ina zan riƙa yi? Ƙafata ba za ta kai ni get ba, kuma ba zan zauna a bakin titi ba."

Ya ce za a gyara mata banɗakinta, a sa mata kujera. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai ce ya je ya yi aikinsa. Da muka fito na ga idonsa ya yi ja. Ya ce a makaranta an koya musu cewa mutanen da ke cikin gini suna cikin abin da ake kiyayewa, amma ba a gaya musu yadda ake yi in ginin da mutanen suka saɓa ba.

Aka fara aiki cikin gaggawa saboda damina. Aka kafa katakai aka tallafe kusurwar, aka samo wani magini daga cikin gari da ya iya tubali, aka fasa dakalin. Masu salla suka koma bakin get ba tare da wani ƙorafi ba, wasu ma sun ce nan ya fi musu kusa. Ni kuwa ina nan ina tambayar maginin me ya sa yake zuba ciyawa a kwaɓin, har ya gaji da ni.

Ranar da aka fasa dakalin, da Azahar, na ji motsin sandar Hajiya ta nufi ƙofar baya. Na bi ta da sauri ina cewa ga kujera can an sa a banɗaki. Ba ta ko waiwayo ba. Ta tsaya a bakin ƙofar tana kallon wurin, babu dakali, sai ƙasa a tone da katakai. Ta ce in ɗauko mata kujerar tsugunno da babban daron wanki. Na ɗauko. Ta sa na ajiye kujerar daidai inda Baba yake zama, ta zauna da ƙyar, ta ce in durƙusa in tara mata daron.

Ta yi alwalarta a nutse, gaɓa bayan gaɓa, ruwan yana zuba a cikin daron. Da ta zo wanke ƙafa hannuna ya gaji, daron ya ɗan karkace. Ta dafa gefensa da sauri.

Ta ce, "Riƙe da kyau. Kada ko ɗigo ya taɓa masa bango."

Na ɗauki daron da hannu biyu na nufi bakin get da shi, ina tafiya a hankali, hawaye yana hana ni ganin gabana. Tun daga ranar, duk salla ni nake tara mata.